Mai Tokare Gini

A Dresden, kafin a kunna kyandir,
Traugott na zaune bakin taga
yana kankare ɗan karan busa da wuƙa.
Ya jiƙa shi a baki, ya gwada,
ya ce har yanzu da kauri.

Su huɗu ne a ɗakin.
Goge biyu na tsere kamar tsattsewa,
Rosina na kan hafsikod, sanyi ya ja mata yatsu,
shi kuwa ya rungumi basun,
dogon itace, ya girme su duka.

Ba wanda ya zo don ya ji shi.
Muryarsa ta can ƙasa ce,
ta tsoho mai gyaran murya a bayan ƙofa.

Rannan tari ya sarƙe shi ana tsakiyar kiɗa.
Numfashi uku kacal.
Masu goge suka yi ta shawagi, ba wurin sauka.
Maigidan ya ajiye kofinsa,
ya leƙa ƙarƙashin kujera
kamar wani abu ya faɗi.

Traugott ya share baki, ya koma busa.
A waje, dusar ƙanƙara na sauka kan kogin Elbe.