Kamu Ɗaya

A bayan littafin bashi nake rubuto muku,
ku masu ƙera babura a ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Ni ne Bashari, bakanike a gefen kasuwar Gadarif.
Shekara ashirin da uku ina kwance abin da kuka ɗaure.
Na san hannunku, ba ku san nawa ba.

Bayan la'asar masu babur kan taru a gindin dalbejiya,
Sa'adiyya na zuba gahawa, citta na ƙuna a maƙoshi,
sai baki ya buɗe.

Fadul mai kai madara ya ce
ku zo da damina ku gaisa da baƙar ƙasarmu.
Laka ce mai riƙo irin na mai bin bashi,
ta cushe tsakanin taya da marfinta, ta ce ba inda za a je.
A ɗaga marfin nan da yatsu huɗu.
Ya gaji da tsugunno yana ƙwaƙule ta da itace,
madara na tsami a bayansa.

Tukur na son tayar da ƙaya za ta ji kunyarta.
Faci goma sha ɗaya gare shi a taya guda,
har ya raɗa musu suna.
Na hanyar Doka shi ne babban wa.

Malam Sha'aibu bai nemi gudu ba,
sarƙa yake so wadda ba ta cin jallabiya.
Ta ci masa uku, ta ukun ranar Idi,
a gaban surukansa.

Wani yaro ɗan Hawata ya ce
tunda riɗi ya fi fetur sauƙin samu a garin nan,
a yi mana injin da zai sha man riɗi.
Aka kwashe da dariya.
Sa'adiyya ta ce ranar za ta bi salansa da kisra a hannu.

Nawa roƙon ƙarami ne.
Ku yi noti iri ɗaya,
sifana guda ta kwance babur daga kai har wutsiya.
Kada ku ɗinke inji cikin roba kamar laya,
kada ku sa masa ƙwaƙwalwar da sai na'ura ke jin ciwonta.
Kunnena ya ishe ni.
Ku bar mana kafireta, mu hura da baki, ta tashi.

Saura Attayyib.
Kullum yana ƙarshen benci, kofinsa na hucewa.
Daga Madani ya zo, a daren da gari ya watse:
yaro ɗaya a kan tanki, matarsa a baya da goyo,
'yarsu a matse tsakani.
Tsohuwarsa ta tsaya a bakin ƙofa da butarta,
ta ce ku je, ka dawo ka ɗauke ni, ai ba nisa.
Hanya ta rufe a bayansa.

Na ce Attayyib, me zan rubuta maka?
Ya buɗe hannu a kan benci,
daga babban yatsa zuwa na tsakiya.
Ya ce a ƙara wa sirdi wannan.
Ba ta da jiki, in ji shi. Da ya ishe ta.

Cokalin Sa'adiyya ya daina kaɗawa.

Wannan kam ban jira ku ba.
Da dare na yanki ƙafar wani tsohon gadon ƙarfe,
na yi walda a bayan babur ɗinsa,
na ɗora soso, na rufe da fatar akuya.
Da safe ya zo, ya duba,
ya ɗora tafin hannu a kai, ya daɗe.

Yanzu buhun riɗi kan tanki yake ɗora shi,
fasinja kuma ya ce masa matso gaba.
Kamu ɗayan nan yana goge shi kowace safiya da gefen rawani.

Ban rubuta kuɗin waldar a gaban littafi ba.
Ku ma in kun ƙera, kada ku sa masa farashi.