Iskar Tiga

Mun bar Bunkure hantsi bai ɗaga ba,
ni da Kawu Inuwa a bayan a-kori-kura,
shi da sandarsa, ni da gorar ruwa,
da ƙuli-ƙulin da Uwani ta ƙulle mana a leda.
Tun ba mu hangi ruwa ba iska ta tarye mu,
ta fizge hular Kawu ta yi cikin rake da ita.
Ya ce, "Ƙyale ta, ta san ni,
wannan ai gaisuwa ce, ba sata ba, gaisuwa."

Sai ga Tiga a shimfiɗe,
ido ya nemi gaɓar can ya dawo hannu rabbana.
Yara uku a bakin ruwa da abin al'ajabi:
tsohon ƙyauren ƙofa, sun kafa masa gora,
sun ɗinke buhunan taki huɗu sun ɗaura,
tambarin kamfani bai ko goge ba.
Babbansu, Ɗanliti, ya haye ya miƙe,
ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a lanƙwashe,
ya ja igiya, buhu ya tashi,
ya yi ciki kamar akuyar da ke dab da haihuwa.

Ba inji, ba filafili.
Iska ta ce zo, ya tafi.
Masunta daga kwale-kwale suna masa tsawa,
"Kai ɗan nema, za ka kore mana karfasa!"
Sau biyu ya kifa, sau biyu ya taso
yana furzar da ruwa, haƙora a waje,
kamar an biya shi ladan faɗuwa.

Kawu bai yi dariya ba.
Ya nuna da sanda, hannun na rawa:
"Ka ga daidai inda yaron can ya juya?
Rumbun babana na nan ƙasa,
da tsamiyar da aka binne cibiyata a gindinta,
da rijiyar da Inna ta taɓa yar da guga.
Yau ɗan wani ne a saman rufinmu yake sukuwa."

Na rasa ta cewa.
Na miƙa masa ƙuli-ƙuli,
na manta ba shi da abin taunawa.

La'asar sakaliya muka shiga Rano.
Duwatsu zaune kamar dattawa a wajen suna,
ganuwa ta gaji ta kishingiɗa,
awaki na kiwo a gadon bayanta.
Muka bi lungu, katanga na gogar kafaɗa,
ƙarar maƙera, ƙamshin daddawa,
wani zaure da azararsa ta girmi kakana.
Mai fura ta dama mana ba ta tambayi garinmu ba.
Na saya wa Kawu hula a bakin kasuwa,
ta yi masa yawa, ya ce kai ne ke ƙanƙancewa.

"Garin nan ya yi wayo," in ji shi,
"ya hau dutse tun ruwa bai yi shawarar zuwa ba."

A hanyar gida ya yi shiru har na zaci barci ne.
Mun wuce gonar rake, magariba ta kawo jiki,
sai ya taɓa ni da sanda, murya ƙasa-ƙasa:
"Ƙyauren nan nasu,
kana ganin zai ɗauki tsoho?
Ba nisa zan yi ba.
Kan tsamiyar nan kawai nake son tsayawa."