Tayil Ɗaya a Kusurwa

Ranar Laraba, bayan an dawo daga tara,
Malam Sadau ya ɗauki guntun alli ya jera:
ɗaya da uku, huɗu;
a ƙara biyar, tara;
a ƙara bakwai, sha shida.
Ya juyo yana kaɗe hannu: "Me kuka lura?"

Na miƙe tun bai rufe baki ba.
"Biyu sau biyu, uku sau uku, huɗu sau huɗu.
Lambobin mara in an tara su tun daga ɗaya,
murabba'i suke haifa, Malam, kullum."

"Kullum?" in ji shi.
"Kalma mai tsada kika taya, Hansatu.
Da me za ki biya?"

Daren nan kyandir biyu na ƙone a Kakuri,
sauro na cin rabonsa, ni ina cin nawa,
na tara, na tara, har casa'in da tara,
dubu biyu da ɗari biyar suka fito cif,
hamsin sau hamsin, ko ƙwaya ba ta ɓata ba.
Da safe na kai masa shafi shida ina taƙama.

Ya duba a nitse, ya miƙo mini abina.
"Shaidu hamsin kin kawo, duk masu gaskiya.
Wa ya tsaya wa na hamsin da ɗaya?
Wanda ya ɗebi guga hamsin a kogin Kaduna
bai ci karo da kada ba,
bai isa ya rantse kogin ba kada ba."

Kwana biyu ban gaishe shi da fara'a ba.

Asabar aka aike ni Barnawa da tuwon Baba.
Tun da masaƙa ta rufe ya koma ɗora tayil,
gwiwa a ƙasa, fensir a bayan kunne,
siminti ya ci masa layin tafin hannu.
Na zauna kan bulo ina jiran kwano.

Daga lungun ɗaki ya faro.
Huɗu nan, huɗu can, fili ya tashi murabba'i.
Zai faɗaɗa:
ya sa huɗu ta gabas,
ya sa huɗu ta kudu,
sai ga gurbi ɗaya a kusurwa ya buɗe baki.
"Miƙo mini guda," ya ce, bai ko ɗago ba.

Tara ke nan.
Zagaye na gaba, biyar da biyar da guda.
Sha ɗaya.

Sai na ji kaina ya yi shiru.

Kome faɗin filin, haka dai za a sake:
tagwayen layi biyu, su kan ba da cika,
ga ɗan autan kusurwa, shi ke mai da su mara,
kuma kowane zagaye ya fi na baya da biyu,
don kowane gefe ya ƙaru da guda.
Ba sauran na hamsin da ɗaya,
ba sauran na miliyan.
Na ga ƙasan kogin gaba ɗaya.

Miyar kuka ta kife a kan siminti.
Baba ya ce, "Ke lafiya?"

Litinin na nemi alli.
Ban rubuta lamba ko ɗaya ba,
ɗaki na zana, da layi biyu, da gurbin nan.
Aji ya yi tsit, har Bitrus mai surutu.
Malam Sadau ya daɗe yana kallo,
sannan ya ce, "Kin biya. Ɗauki kullum ɗinki."

Da na ba Baba labari yana jiƙa ƙafa a baho,
sai da dariya ta sa shi tari.
"Shekara sha biyu ashe hujja nake shimfiɗawa,
masu gida na biya na kuɗin tayil kawai?
Gobe ki zo da wani tuwon.
Ki kuma riƙe kwanon da hannu biyu."