Laimar da Na Bari

Ya ce Juma'a.
Ya faɗe ta yana rufe fayil ɗina
kamar mai rufe tukunya kada tururi ya tsere:
"Kafin Juma'a za ki ji daga gare mu."
Na miƙe, na yi godiya har sau uku,
ta ukun ma ƙofa na yi wa.

Juma'a ta zo Valparaíso da yayyafi,
ta hau tudunmu a ƙafa, matakala ɗari da sittin,
ta leƙa tagar kicin, ta wuce abinta.
Wayata na kan tebur, fuska sama.
Na sa ta caji alhali cike take,
na kai ta banɗaki, na dawo da ita,
kamar jaririyar da ba ta yi kuka ba tun safe,
sai leƙa ta ake ko tana numfashi.

Ta yi ƙara sau ɗaya: mai kawo gas ne.
Na biyu Fresia ce, maƙwabciya,
wai ko kyanwarta ta shigo mana.

Shekara goma sha tara ina lissafin gwangwanin kifi
a kamfanin da yanzu tantabaru ke haya.
Na san nauyin kwantena daga kukan sarƙar da ke ɗaga ta.
Na gaya masa haka? Na gaya masa.
Ya yi murmushi. To, wane iri?
Daren Asabar na warware murmushin nan zare-zare,
na sake saƙa shi,
bai fito riga ba, bai fito hula ba.

Litinin 'yata Millaray ta zaunar da ni gaban kwamfuta.
"Rubuta masa, Mama. Layi uku. Ban da roƙo."
Na rubuta: Mai girma Arancibia,
tuni nake yi kawai.
Na goge "kawai". Na mayar. Na sake gogewa.
Kalma ɗaya ta sa shayi biyu sun huce a gabana.
Ta miƙo hannu ta kan kafaɗata, ta danna, ya tafi.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ba a dai faɗi wa ke biyan kuɗin gas ɗin ba.

Talata, shiru.

Laraba na nemi laimata, babu.
Sai na tuna: bayan ƙofar ofishinsa,
jingine da tukunyar fure, tana ɗiga.
Ban taɓa murnar ɓatan kaya irin haka ba.
Na goge takalmi, na gangara ta bakin kasuwar kifi,
inda tsuntsayen teku ke tsaye suna jiran hanji,
su ma ba wanda ya yanka musu rana.

Sakatariyar ta gane ni kafin in buɗe baki.
Ta miƙo laimar, har an naɗe ta an ɗaure.
Na ce, "Af, tunda dai na zo..."
Ta dubi ƙofar ciki, ta rage murya:
"Ku uku kuka rage.
Ya tafi Santiago, mahaifiyarsa na asibiti.
Mako mai zuwa, wataƙila."

Ashe shirun nan da na kwana da shi dare takwas
ba da ni yake ba.
Yana can zaune a kujerar roba, a wani dogon baranda,
shi ma yana jiran wata ƙofa ta buɗe,
wani mai farar riga ya fito ya ce masa wani abu.

Rana ta fito tas, ni kuwa ga laima a hammata.
Na fara hawa ina ƙirge.
A matakala ta casa'in na tsaya huta gwiwa,
jiragen ruwa can ƙasa sun yi layi, kowanne na jiran a kira shi.
Na taɓa aljihu, wayar na nan, da ɗuminta.
Na ce, Allah ya tashi kafaɗar tsohuwar nan.
Na faɗa har zuci.
Ko don ita na faɗa, ko don ni,
ban tsaya bincike ba.
Saura saba'in.