Shago na Arba'in da Ɗaya

Da safe nakan ɗaga ƙofar ƙarfe da hannu biyu,
tana kuka. Ita kaɗai ta rage mai waƙa a layin nan.
Hagu da ni mai labule, dama da ni mai labule.
Unkapanı da ta san muryar kowa a Istanbul
yanzu yadi take aunawa.

A da, kafin shayin farko ya huce
samari sun cika matakala,
sun kwana a motar Erzincan, idanu jajir,
kowa da molonsa mai dogon wuya a cikin buhu.
Direban tasi, wanzami, soja mai komawa bariki,
duk sai sun biyo ta nan.
Har kanta a babban yatsana don ƙirgar kaset.

Sukan ce, Nevzat, me ya cinye kasuwar?
Nakan ce ɓarawon ba ɗaya ba ne.
Na farko leda ya shimfiɗa a bakin gada:
kaset ɗinmu, hotonmu, har kuskuren rubutunmu,
uku a kuɗin ɗaya.
Na biyu yaro ne da kwamfuta a ɗakin uwarsa,
ba ya ma sayarwa, rabawa yake yi.
Wa ya taɓa karya farashin kyauta?
Na uku da kwat ya zo, da takardar yarjejeniya,
ya zuba waƙoƙin duniya cikin waya.
Jikata Irmak ta buga mini lissafi:
sai kunne dubu sun ji
kafin mawaƙi ya sha shayi kofi guda.

Na huɗu ba na faɗarsa a bainar jama'a.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Mu muka riƙa sa waƙa ɗaya mai rai,
mu cika da tara na ciko,
mu karɓi kuɗin goma.
Mu muka sayi muryar Hıdır
da kuɗin mota da rigar sanyi.
Bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa.
Da muryarsa na yi wa gidana rufi,
shi kuwa ya koma ɗaukar siminti.

Jiya wata mace ta shigo, furfura ta fara mata,
ta ce ita 'yar Hıdır ce.
Waƙoƙin duk suna wayarta, ta nuna mini.
Kwalin take nema, mai hoton,
don ba su da wani hotonsa yana saurayi.
Na durƙusa ƙarƙashin matakala,
na jawo katan da danshi ya ci gindinsa.
Talatin suka rage. Ga shi nan sau talatin
cikin rigar nan, ta yi masa yawa a kafaɗa.

Ta ce nawa?
Harshena ya yi nauyi.
Na tura mata katan ɗin gaba ɗaya,
ta zari ɗaya tak,
ta ajiye kuɗi a kan teburi, ta danne da kofina.

Cinikin farko ke nan tun Litinin.
Ban taɓa kuɗin ba har la'asar,
lokacin da mai labule ya leƙo, ya gaishe ni da ladabi,
igiyar awo rataye a wuyansa,
idonsa na kan faɗin bangona.