Tsohuwar Kalma

Na kulle allo na tafi Azahar
bayan asibitinmu na Asawase.
Kafin in sallame, Kwabena daga bene
ya sauya wa kowa kalmar sirri.

Ya rubuta mini tawa a tafin hannu.
Na buga, allo ya ƙi.
Na sake, ya girgiza kai
kamar maigadin da bai ji an sayar da gida ba.

Ashe waya ce ta zare a bayan tebur,
labarin uwar garke bai iso shi ba.
Sai na buga tsohuwar: Adiza,
ƙanwata da muka kai Tafo bara.
Ya buɗe.

Kwabena ya sunkuya zai mayar da wayar.
Na ce, ɗan dakata mini tukuna.