Tsohon da Suka Yanke

Shekara tara ina ɗauke da littafin nan,
bangonsa ya sha man ƙosan Ƙofar Doka.
Jiya muka biya kuɗin benci a Samaru,
ni da Lurwanu.

An zuba dukiya, ba ƙarya.
Birnin da ke yawo cikin gajimare ya fito har da tagoginsa,
yara sai ihu.
To ina tsoho mai kwalekwale,
wanda na ara wa muryar kakana?
Sun datse shi kamar ragowar zare.

Lurwanu ya ce, "Kai dai ba ka da godiya."
Sai janareta ya shaƙe.

Cikin duhun nan na ji tsohon ya yi tari,
ya tura kwalekwalensa.